Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a jinyar nan

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an sallamo ni daga asibiti, jinin ya tsaya, ƙarfi kuma yana dawowa sannu a hankali. Saƙonninku sun cika mini waya har ba zan iya binsu ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in haɗa ku a nan in yi godiya, in kuma amsa tambayar da ake ta yi mini a ɓoye. Ba ɓari na yi ba, ba kuma ciki ne da ni ba. Larura ce da likitoci suke kira PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwan mace fita a kan lokaci.

Na fara da likitata, Allah ya ƙara mata basira. Ita ce ta fara tambayata abin da ba wanda ya taɓa haɗa mini wuri guda: yaushe rabona da al'ada, tun yaushe gashin nan ya fara fito mini a haɓa, da baƙin da ya kwanta a bayan wuyana wanda na sha cuɗawa da soso ina zaton dauɗa ce. Ta juya bayan katina ta zana mini mahaifa da biro. Ta ce duk watan da ƙwai bai fita ba, jiki ba ya samar da sinadarin furojestaron, shi ne kuwa mai sa shimfiɗar cikin mahaifa ta zube a tsare. Sai shimfiɗar ta yi ta kauri wata bayan wata, ranar da ta ɓalle kuma ta zo da gudaji, ta ƙi tsayawa. Ashe watannin da nake zaune ba jini, mutane suna cewa ai na huta, taruwa yake yi. Ta ce al'adar mai lafiya tana zagayowa tsakanin kwana 21 zuwa 35, kuma bai kamata mace ta wuce wata uku ba ta gani ba ba tare da an duba ta ba, domin kaurin nan in ya daɗe yana iya kai wa ga sankarar mahaifa.

Ba ta yanke hukunci da hoton ciki kaɗai ba. Sai da aka gwada ciki, aka duba maƙoshi da sinadarin ruwan nono, tukuna ta ce tun 2003 likitoci suka zauna a birnin Rotterdam na ƙasar Holan suka tsayar da alamu uku, in biyu sun haɗu an gano larurar: rikicewar al'ada, yawan sinadarin maza a jiki, da ƙananan jakunkunan ƙwai da ke cika gidan ƙwai. Na ga nawa a allon na'urar, jere kamar 'ya'yan carbi. Ƙwai ne da suka fara girma suka tsaya, ba ƙari ba ne, ba kuma abin yanka ba ne. Wannan maganar kaɗai ta sa Ummata ta iya barci a daren.

Umma, ba ni da bakin gode miki. Ke kika ja fatar idona ƙasa kika ga ta yi fari fat, kika ce wallahi ba za a kwana a gida ba. Yaya, ke kika riƙa ɗaga mini ledar ƙarin ruwa har banɗaki, kina wanke zannuwan da ko ni kaina ba na son kallo. Maigida ya yi ta sintiri cikin dare neman audugar mata, bai taɓa ɓata rai ba, da ƙaninsa da ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa tun kafin a gama bayani. Ma'aikatan jinya na dare, ban riƙe sunayenku ba, amma na riƙe fuskokinku.

Akwai kuma masu zuwa dubiya da "har yanzu shiru?" a bakinsu. Na yafe, amma don Allah a daina. Mai PCOS tana haihuwa. Wasu da kansu, wasu da taimakon magani irin su letrozole da ke sa ƙwai ya fita. Wadda ke kwance ana ƙara mata jini ba wannan tambayar take buƙata ba.

Yanzu ina kan ƙwayoyin daidaita al'ada, da maganin ƙarin jini, da metformin, saboda jikin yawancin masu larurar nan ba ya jin sinadarin insulin, mai daidaita suga a jini, yadda ya kamata, abin da ke jawo ƙiba da baƙin wuyan nan, yake kuma buɗe ƙofar ciwon suga nan gaba. Ba a warkewa fes, sai dai a iya zama da ita. Likita ta ce ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yakan dawo da al'ada kan hanya, don haka in kun gan ni ina tattaki da safe ku yi mini addu'a, kada ku tsayar da ni hira.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan matan da suka yi mini magana ta bayan fage suna cewa su ma haka suke. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce larurar tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu ba a taɓa gano musu ba. 'Yan'uwana, na karanta duka, zan amsa muku in na ƙara jin ƙarfi, amma maganina ba zan faɗa wa kowa ta je ta saya ba, sai likita ya duba ki.

Masu son zuwa, ƙofa a buɗe take, sai dai a bari sai da yamma, don barci nake sha da rana. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.