Kofin ruwa ɗaya

Yau da safe Baba ya shanye kofin ruwa guda ba tare da ya rintse ido ba. Na juya baya kamar ina gyara labule, don kada ya ga hawayena. Gashi na 22 ke nan, wato ƙona ciwon da hasken na'ura a asibiti, cikin 35 da aka tsara masa saboda ciwon dajin maƙogwaro. Tun mako na uku bakinsa ya saɓule, harshe duk gyambo, ko yawu ya haɗiye sai ya damƙe hannun kujera. Amma kwana shida yana ƙin mofin ɗin ruwa, maganin kashe zafi mai ƙarfi da likita ya rubuta, wai shi ba zai zama ɗan ƙwaya da furfurarsa ba. Jiya nas ɗin ta zauna kusa da shi ta ce, "Baba, idan ba ka ci ba ramewa za ka yi, rama kuma tana iya sa a dakatar da gashin. Idan bakin ya warke, a hankali za mu riƙa rage maka mofin ɗin har ka daina." Bai ce uffan ba.

Yau da kansa ya miƙo min kwalbar. Na auna a sirinji, muka jira rabin awa, sannan ya ɗauki kofin. Maganin yana sa shi gyangyaɗi, ga taurin bayan gida, dole sai da wani maganin na daban, ba na ɓoye wannan. Ni kaina tsoron kwalbar nan nake yi. Ina ta tunanin kwana shidan nan da ya sha azaba, ni kuma a zuciyata ina goyon bayansa.