Fulogin ɗin GIMP: rubuta shi daban, kai shi kwamfutar wani daban

Wasu masu ɗakin hoto da shagunan buga takardu suna amfani da GIMP, manhajar gyaran hoto, saboda kyauta ce, ba a biyan lasisi. Ɗalibin da ya iya Python, yaren rubuta shirin kwamfuta, zai iya rubuta musu fulogin, wato ɗan ƙarin shiri da ake maƙala wa manhajar, wanda zai jera hoton fasfo guda 8 a kan takarda mai inci 4 da 6. Lissafin ba wuya: a ɗigo 300 kowane inci, takardar na da fiksel 1800 da 1200, hoto mai milimita 35 da 45 kuma yana cin kusan 413 da 531, sai a jera huɗu a sama huɗu a ƙasa. Wahalar tana farawa ne ranar da aka tura wa mai shago fayil ɗin, ya buɗe manhaja ya duba, bai ga komai ba.

Abu na farko da za a tambaye shi: wace siga ke kan kwamfutarsa? GIMP 2.10 ta fito a 2018, tana aiki da Python 2 da gimpfu, kayan aikin da ake rubuta mata fulogin da shi. GIMP 3.0 ta fito a watan Maris na 2025, ta koma Python 3, ta yar da gimpfu gaba ɗaya. Fulogin da aka rubuta wa ɗaya ba ya tashi a ɗayar. Tsofaffin kwamfutocin shaguna sukan daɗe a kan 2.10, don ba kowa ke son ƙona data wajen sabunta abin da ke masa aiki ba. Saboda haka a haɗa kunshi biyu, a rubuta lambar siga a jikin sunan kowanne.

Sai wurin ajiya, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ga siga ta 3.0, a Windows foldar tana cikin %APPDATA%\GIMP\3.0\plug-ins, a Linux kuma ~/.config/GIMP/3.0/plug-ins. Siga ta 3 ba ta kula fayil da aka jefa tsirara a can. Dole ya zauna cikin foldarsa mai suna iri ɗaya da shi: foldar fasfo, a cikinta fasfo.py. Idan mai warware zif, wato matsattsen kunshin fayiloli, ya ƙara wata folda a sama, ya zama fasfo cikin fasfo, manhajar za ta wuce shi shiru, ko gargaɗi ba za ta nuna a allo ba. Shirun nan ne ke sa mai shago ya ce, "Malam, abin nan naka bai yi ba." Fayil ɗin Script-Fu, wani yaren rubuta wa GIMP ƙananan shirye-shirye, mai ƙarewa da .scm kuwa foldar scripts ce gidansa.

A Linux da macOS akwai ƙarin tarko biyu. Zif ɗin da aka haɗa a Windows yakan zubar da izinin gudanar da fayil, sai an buga chmod +x fasfo.py kafin ya tashi. Haka kuma idan an adana fayil da ƙarshen layi irin na Windows, layin farko, #!/usr/bin/env python3, zai lalace, a ce ba a ga Python ba alhali tana nan. A buɗe manhajar daga tasha (terminal, tagar da ake buga umarni) da gimp --verbose, kuskuren zai bayyana ƙarara.

Sunan aikin da fulogin ke yi wa rajista ma kada a yi masa sakaci. In ya ci karo da na wani, ɗaya zai danne ɗaya. A fara sunan da kalmar da ta keɓanta da mai shi.

A cikin kunshin a saka takardar bayani da Hausa, layi huɗu sun isa: siga, wurin ajiya, a rufe manhajar a sake buɗewa, da inda za a same shi a jerin umarni. A saka lasisi, kuma GPL, lasisin da ke ba da damar gyara shiri da raba shi, ya fi dacewa tunda shi GIMP ke bi, don wanda ya karɓa ta filasha ko WhatsApp ya san yana da damar gyarawa da miƙa wa na gaba. Kafin a tura wa kowa, a warware wannan zif ɗin a kan kwamfutar da ba a taɓa rubuta shirin a kanta ba, a bi takardar bayanin layi bayan layi kamar yadda yaron shago zai bi.