Ƙarin da ya ɓuya a bayan hanji

A shekarata ta biyu ina koyon karanta hotunan asibiti, aka turo mana wani matashi daga sashen cututtukan fata, leɓɓansa sun tsattsage sun yi ɓawon jini, bakinsa cike da gyambo, ko ruwa da ƙyar yake haɗiya. Likitar da ta turo shi ta rubuta cewa tana zargin nau'in cutar pemphigus mai tafiya da ƙari, wadda likitan fata Grant Anhalt da abokan aikinsa suka fara bayyanawa a 1990, inda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa fata da cikin baki saboda wani ƙari da ke laɓe a jiki.

Hoton ƙirjinsa bai nuna komai ba. Da na yi masa sikanin ciki, iskar hanji ta tare mini gani, amma duk da haka na rubuta cewa babu ƙari. Malamina ya karanta rahoton, ya ɗago kai ya ce, "Babu shi ne, ko kai ne ba ka gan shi ba?" Ban sami amsa ba.

Ya sa aka yi hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin jiki yanka-yanka, daga wuya har ƙugu, tare da allurar ruwan da ke haskaka jijiyoyin jini. Sai ga dunƙule kamar lemun zaƙi a bayan hanji, gab da ƙodar hagu, ya sha ruwan nan ya yi fari tas. Gwajin tsokar ya tabbatar da cutar Castleman, wato ƙarin kaluluwa wanda ba sankara ba ne, kuma ita aka fi samu a yara da matasa masu wannan larura, yayin da a manya sankarar kaluluwa da ta jini suka fi yawa. Hasken nan kuwa gargaɗi ne ga likitan tiyata cewa ƙarin cike yake da jijiyoyi, zai iya zubar da jini sosai, ga shi kuma ana son a cire shi gaba ɗaya.

Huhu ma ba a ƙyale shi ba, domin wannan nau'in pemphigus kan toshe ƙananan hanyoyin iska, kuma hakan ya fi fitowa a hoton da aka ɗauka bayan mara lafiya ya fitar da numfashi. Tun daga ranar, duk sikanin da iska ta tare mini wani sashe, nakan ambaci sashen a rahotona, in nemi a yi CT.