Daren Jajibirin Intabiyu

Daura, Lahadi da dare.

Gobe da safe zan tsaya gaban malaman Makarantar Koyon Aikin Jinya ta Katsina domin intabiyu, matakin da ya rage mini bayan rubutacciyar jarrabawa. Ina idar da sallar asuba na baje takarduna a kan tabarma: sakamakon NECO mai kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizik, da takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukumar Daura, da ƙananan hotuna. Baba da kansa ya kai su aka yi kwafi, ya ce kada in saki na ainihin sai an nema.

Bayan la'asar Gwaggo ta zo, ita da ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Ta zauna a kan kujera, ta ce in fita in sake shigowa da sallama, kuma kada in zauna sai an ba ni izini. Daga nan ta juya Turanci, domin da shi za a yi mini tambayoyi. Ta tambaye ni zafin jikin mai lafiya, na ce wajen digiri 37. Bugun zuciyar babban mutum yana hutawa, na ce 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Ta tambaye ni game da Florence Nightingale, Baturiyar da ta kafa aikin jinya na zamani, na faɗi aikinta a yaƙin Kirimiya a 1854 da makarantar da ta buɗe a Landan a 1860. Jihar Katsina ma ba ta bar ta ba, na ce an ƙirƙire ta a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34.

Sai ta ce, me ya sa nake son wannan aiki. Na karanto abin da na haddace, cewa ina son in taimaki al'umma. Gwaggo ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta koma Hausa ta ce, "Ɗiyata, kafin a kira ki mutum nawa za su faɗi wannan? Ni dalilinki nake son ji."

Ban san lokacin da na fara ba ta labarin daren da zazzaɓin cizon sauro ya sa ƙanena jijjiga ba. Ina aji uku na sakandare a lokacin, ni na riƙe ƙafafunsa a asibiti, ma'aikaciyar jinya tana neman jijiya a hannunsa da ya yi laushi, Inna tana kuka. Matar ba ta ɗaga murya ba, ba ta kore mu waje ba. Kowane abu za ta yi sai ta faɗa wa Inna dalilinsa, har ruwan ya fara ɗiga. Ban taɓa ɗaukar wannan amsa ce ta intabiyu ba, na ɗauka labarin gida ne, ga shi kuwa tun daga daren nan ban so wani aiki ba sai wannan.

Gwaggo ta sa na mayar da shi Turanci sau uku, tana hana ni sauri da sunkuyar da kai. Sau na ukun ne kawai muryata ba ta yi rawa ba.

Na goge farin hijabina, takardun suna cikin jaka. Yaya zai raka ni tasha bayan asuba domin mu samu motar farko. Inna ta shigo ɗazu ta yi mini addu'a, ta ce in kashe fitila haka nan.