Wake, masara da tana a ajin da babu ɗakin gwaji

Makarantar da nake koyar da kimiyya ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Da muka zo babin yadda tsirrai da ƙananan dabbobi ke amsa haske da danshi da taɓi, sai na ce wa ɗalibaina kowa ya zo da gwangwanin madara da ƙwayar wake da ta masara, mai kwali a gida ya haɗo da shi. Sun riga sun haddace cewa tsiro yana bin haske, har rerawa suke yi, amma babu wanda ya taɓa tsugunawa ya gani da idonsa.

Muka shuka wake. Da ya tsiro muka kife kwali a kan wasu gwangwanayen, kowane kwali da huda ɗaya a gefe, sauran kuma muka bar su a fili don kwatanci. Cikin 'yan kwanaki na cikin kwalin suka zanƙale, suka yi rawaya-rawaya, duk sun ranƙwafa wajen hudar. Ka juya gwangwanin, su sake karkatowa. Abu guda dai: a inuwa ake ajiye kwalin, don in rana ta buge shi tsiron dahuwa zai yi a ciki.

Wata yarinya ta ce, "Malam, to da me yake ganin hasken?"

Wannan tambayar ce Charles Darwin da ɗansa Francis suka bi diddiginta a Ingila, suka wallafa abin da suka gano a 1880. Sun sa wa kan tsiron ciyawa 'yar hula da haske ba ya ratsawa, tsiron ya ƙi karkata. Da suka rufe jikin suka bar kan a buɗe, ya karkata. Mu ma muka yi da masara, hular kuma muka naɗa ta da takarda mai ƙyalli ta cikin kwalin ganyen shayi. Sai dai aikin yana da lokaci. Dole a sa hular tun tsiron yana ɗan tsinke cikin kubensa, kafin ganyen fari ya ɓarke shi ya fito. In ya fito, an makara. Masu hula suka miƙe sak, marasa hula suka sunkuya. Kan tsiron ne ke jin hasken, amma a ƙasa da shi lanƙwasar take faruwa, ke nan akwai saƙon da ke gangarowa. Frits Went, ɗan ƙasar Holan, shi ya tatso wannan saƙo daga kan tsiro a shekarun 1920, sinadarin da ake kira oksin. Yana taruwa a ɓangaren da ke inuwa, ya sa wannan ɓangaren ya fi ɗaya tsawo, shi ya sa tsiron ke rusunawa wajen haske.

Gwajin saiwa bai ba mu wahala ba. Muka maƙale wake tsakanin jiƙaƙƙiyar takarda da jikin kwalba, da saiwa ta fito muka kwantar da kwalbar, saiwar ta yi kwana ta sake nufar ƙasa. A bakin saiwa akwai ƙananan ƙwayoyin sitaci masu nauyi da ke kwantawa duk inda ƙasa take, da su tsiro ke gane sama da ƙasa. Mai gadinmu, dattijo ne manomi, ya leƙo ya yi dariya. Ya ce, "Malam, ai wannan a gona muke ganinsa. Iska ta kwantar da dawa, ka dawo ka tarar ta ɗago daga gaɓa." Ya kuma tuna mana gyaɗa, wadda ke fure a sama sannan ta tura ɗan tsinke ƙasa ya nutse, can ƙwayar ke ƙosawa. Gaskiya misalansa sun fi kwalbata shiga kan yara.

Sai tana. Muka haƙo su a makwararar ruwa ta bayan rijiya, muka shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda a faranti, muka rufe rabinsa da kwali. Aka haska fitilar waya, wadda na zaɓa don ba ta da zafi kamar aci-balbal. In ba haka ba, ba ka san ko haske suke gudu ko zafi ba. Nan take suka janye kai suka sulale cikin duhu. Tana ba ta da ido, amma fatarta na jin haske, musamman ta wajen kai. Da muka raba farantin busasshe da jiƙaƙƙe, danshi suka bi, domin ta fata suke numfashi, kuma in fatar ta bushe sun mutu. Wani yaro ya ce shinge kuwa fitila yake rufarwa bayan ruwan fari. Haka ne, ba duka ke gudun haske ba.

Jadawalin da muke rubutawa a allo yana cewa dabba tana amsawa da sauri, tsiro a hankali. Ban ƙara yarda da shi ɗari bisa ɗari ba tun da muka je fadama muka taɓa ƙaidaji. Ganyensa ya naɗe muna kallo, domin ruwa ne ke ficewa daga 'yar kumburar da ke gindin ganyen, in an jima ya koma ganyen ya buɗe. Tsamiya ma haka take rufe ganye da dare. Wannan ba girma ba ne, kuma ko ta wane gefe ka taɓa, naɗewar iri ɗaya ce. Wake kuwa da girma yake karkata, lanƙwasar da ya yi ta zauna ke nan. Abin da ya raba su da tana shi ne ita duk jikinta take kwasa ta bar wurin.

Yanzu da damina nake sa wannan babin. Da hunturu takarda na bushewa kafin a tashi daga makaranta, tana kuma ta yi nisa cikin ƙasa, sai an sha haƙa.