Abin da tsofaffin finafinan barkwancin Ingila suka koya min

Tunda na fara nazarin gajerun finafinan barkwanci na Ingila na wajen 1900, waɗanda ba murya kuma wani ma minti ɗaya ne kacal, yadda nake editin ɗin bidiyo ya canja gaba ɗaya. Mutanen nan ba su da damar cewa uffan, dole inda suka aje kyamara da inda suka yanka hoto su ne za su sa ka dariya.

Wanda ya fi kama ni shine George Albert Smith na garin Hove. A fim ɗinsa Mary Jane's Mishap na 1903, matarsa Laura Bayley ce ta fito a ƴar aiki, tana goge takalmi sai baƙin man ya shafe mata saman leɓe kaman gashin baki, a daidai nan Smith ya matso da kyamara kusa da fuskarta, ta kalle mu ta kashe ido sannan ta tuttula kananzir a murhu wuta ta yi sama da ita ta bututun hayaƙi. Wallahi da daga nesa ya bar hoton rabin dariyar ta tafi, kuma a lokacin yawancin finafinai daga nesa ake ɗaukarsu a tsaye cak.

Shi kuma James Williamson mai kemis ne ma asalinsa a garin na Hove. A The Big Swallow na 1901 wani mutum ne ke masifa baya so a ɗauke shi hoto, yana matsowa yana matsowa har bakinsa ya cika allo ya haɗiye kyamara da mai ɗauka, ya koma baya yana tauna. Shikenan fim ɗin, dabara ɗaya ba ƙari. Shi yasa yanzu in na gama haɗa bidiyo nake kashe sauti in kalla, duk wajen da ban gane me ke faruwa ba sai na sake yankawa.

Abin da ke min ciwo shine na Cecil Hepworth, shi ma mai shirya finafinai ne a Ingila a wancan zamanin, kamfaninsa ya karye a 1924 aka narkar da ainihin faifan finafinansa dan a ciri azurfar da ke jiki, da yawa daga aikinsa a haka ya salwanta.