Wasiƙa kan Moltke, ƙaramin rami a gefen Tekun Natsuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Nan inda nake zaune akwai masu sha'awar taurari da ke fito da madubin hangen nesa in sama ta washe, kuma a wajensu na san wani ɗan rami a jikin wata mai suna Moltke. Faɗinsa bai kai kilomita 7 ba, zurfinsa ya ɗan haura kilomita ɗaya. Yana bakin kudu na baƙin filin da ake kira Tekun Natsuwa, wanda ba ruwa a cikinsa ko ɗigo, narkakken dutse ne da ya malala ya daskare tun zamanin da.

Dutsen da ya faɗo daga sararin samaniya ne ya haƙa shi, zagayayye kamar akushi. Manyan ramuka kan fito da tsauni a tsakiyarsu, amma irin wannan ƙarami cikinsa sumul yake. Abin da ya fi burge ni shi ne farin da'irar da ta kewaye shi. Ƙasar da dukan ya watso ce, kuma haskenta shaida ce cewa ramin bai tsufa sosai ba, domin ƙwayoyin da rana ke watsowa da ƙananan duwatsu masu faɗowa su ke dusashe ƙasar wata a hankali. Ba iska, ba ruwan sama, shi ya sa bakinsa bai zaizaye ba.

Daga kudu akwai dogayen tsagogin Hypatia. Can yamma ga ramukan Sabine da Ritter, kowanne faɗinsa kusan kilomita 30. Arewa maso yamma da Moltke kuwa, tazarar da ba ta kai kilomita 50 ba, nan kumbon Apollo 11 ya sauka ranar 20 ga Yuli, 1969. Babu madubin da zai nuna muku kumbon daga duniya, sai dai ku nemo Moltke ku auna da ido. Kusa da wurin akwai ƙananan ramuka uku da aka sa wa sunayen 'yan sama jannatin kumbon, Armstrong da Aldrin da Collins, ganinsu sai da madubi mai ƙarfi.

Duk wanda ya samu madubi a cikinku, ya gwada daren biyar ko shida ga wata, lokacin da rana ke fitowa a yankin, inuwa ta cika ramin.

Wassalam,
Ɗan uwanku a ƙetare.